Diga Tana Bayan Rumbu

Daren Alhamis, Gusau

Hannuwana duk bororo, da ƙyar nake riƙe biro. Yau muka binne Kawu Ila a ƙauyenmu, bayan Tsafe. Da aka tashi haƙa kabari, babu saurayi ko ɗaya sai ni, ni na yi ta haƙa da digar Baba. 'Yan bindiga sun kashe wasu, sauran mun gudo birni muna kabu-kabu.

Na taɓa karantawa cewa a Japan da Italiya akwai ƙauyukan da tsofaffi kaɗai suka rage, wai don an rage haihuwa. Da na zauna hutawa na gaya wa Baba. Ya ce, "To mu mi munka yi? Mun haihu, wallahi mun haihu."

Raina ya ɓaci. Su tsufansu na ƙoshi ne da asibiti, namu ƙauyen bindiga ce ta tsofar da shi.

Na ce Baba ya biyo ni Gusau, har na ɗaga masa murya. Ya ƙi, wai ba ya barin gonarsa. Da zan hau mashin ya riƙe hannuna ya ce, "Bashiru, ka bar kashe wayarka. Diga tana bayan rumbu."