Kakana Ne, Ba Na Rukayya Ba

Zuwa ga Hajiya Shugabar Makarantarmu ta 'Yan Mata, Kaura Namoda.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da iyali. Hajiya, sau uku ina zuwa ƙofar ofishinki, in na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa sai ƙafafuna su juya da ni. Shi ya sa na liƙa wagga takarda a allon sanarwa. Maganar gasar tarihi ce da aka yi a Shinkafi ranar Asabar, wadda Rukayya 'yar ajinmu ta ciyo.

Na ɗaya. Ni na rubuta abin da ta karanta. Batun shigar sojan Ingila ƙasar Tibet ne a 1904, shekara guda bayan sun ci Sakkwato. Babu shi a littafin ajinmu. Zan faɗi inda na samo shi, ko da zai jawo mini bulala. Tun da aka fara shari'a aka hana mu littattafan soyayya, sai muka koma yi musu riga da tsofaffin takardu. Wani da na aro a Zurmi, shafukan wata tsohuwar mujallar Turanci aka naɗa masa. Na gama labarin, na rasa abin karantawa, na kwance rigar. Sai ga hoton wasu mutane kan dutse, cikin manyan riguna, da bindigogi irin na maharban ƙauyenmu. Mako biyu na yi da ƙamus kafin na gane cewa layu suka rataya, sun yarda harsashi ba zai kama su ba, aka buɗe musu bindiga mai ruwa, suka zube ɗaruruwa.

Na biyu. Na yi kuka, don na san wannan labarin tun kafin in san akwai Tibet. Kakata a Birnin Tsaba tana ba mu labarin kakanta, Ɗanbaba, da ya tafi taren Nasara da kwari da baka da layu bakwai a ƙirji. Layun kaɗai aka dawo wa matarsa da su, har yau suna cikin kwallar kakata. Na haɗa shi da mutanen dutsen nan a shafi huɗu, na kai wa malamar tarihi ranar Litinin.

Na uku. Malama ta ce rubutun ya yi kyau amma ba ni da murya. Gaskiya ne, ko lamba ake kira da ƙyar ake jin amsata. Ta miƙa wa Rukayya. Na ɗauka za a ambaci sunana. Ina zaune a layin baya a Shinkafi Rukayya ta miƙe, sabon hijabi fari tas, ta dafa ƙirji ta kira Ɗanbaba kakanta, har da share hawaye. Ita kuwa iyayenta ma'aikatan jirgin ƙasa ne, ko hanyar Birnin Tsaba ba ta sani ba!

Ba zan ɓoye ba, ina jin kishi. Na sha kwanciya ina ganin kaina a kan dandamalin nan, ana tafi, ina sunkuyar da kai. Yanzu ita ake nunawa da yatsa a hanyar famfo, ƙananan yara na bin ta ta sake ba su labarin layu bakwai. Na nemi gafarar Allah kan abin da nake ji, bai tafi ba tukuna.

Roƙona kaɗan ne. Agogon bangon da aka ba ta, ta riƙe. Zuwa Gusau zagaye na gaba ma ta je, ta fi ni baki. Amma a rubuta sunana a kan takardar, kuma in ta zo wurin Ɗanbaba ta ce kakan Nafisa. In ana son shaida, rigar littafin tana wurina, zan kawo ta da littafin a ciki, na san ba zai dawo ba. Gobe Juma'a zan je gida, kakata za ta tambaye ni ko an ji sunan kakanta a Shinkafi. Ban san yadda zan gaya mata an ji, amma a gidan wasu ba.

Allah ya ƙara miki lafiya da adalci, ya raya zuri'a.

Wassalam.

Ɗalibarki,
Nafisa, aji biyar.