Lasifikarmu a Hannun Muttaka

Yaya Kamilu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kai da su Nana. Ya ƙafar Goggo? Ruwa ya sauka a Faskari?

Ni lafiya lau nake a Fatakwal. Gadin ba wuya, sai dai sauro, kuma ba ƙungiyar da za ta tsaya maka in an danne ka.

Na ji wai kamfanin wuta ya ba Muttaka sabon babur. Muttaka fa, wanda ko taron ƙungiyarmu ba ya zuwa sai na jawo shi! Da aka sayar da wutar, mu da muka ɗaga murya aka sallama, shi da ya yi gum aka riƙe. Allah ya sanya alheri, ni ba hassada nake ba.

Amma wai da lasifikarmu, wadda nake kiran yajin aiki da ita, yake zagaya kasuwar Yankara yana shelar yanke wuta! Ko muryar ba shi da ita, Yaya.

Ka gaida kowa. In kun haɗu, ka tambaye shi ko suna ɗaukar ma'aikata. Kada ka ce ni na aiko ka.

Ƙaninka,
Gide