Rabin Ƙarfen da Ka Bari a Agogon Inna

Zuwa ga Kawu Isiyaku mai gyaran agogo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama. Na san takardar nan ba za ta iso ka ba, ba kuma za ka karanta ta ba. Ko da kana nan ma, da tabarau za ka sa ka ce rubutuna kamar kaza ta yi tono. Amma abin da na gani safiyar Talata, wa zan faɗa wa ya gane shi in ba kai ba?

Kawu, allurar ta motsa.

Na dawo daga sallar asuba na leƙa ɗakinka. Na'urarka ta jin motsin ƙasa tana nan a kusurwarta: sandar nan mai lilo kamar ƙyauren ƙofa, da dutsen sikelin da ka samo wajen masu albasa a kasuwar Bodija, da allurar da ke zane a kan takardar da muke baƙantawa da hayaƙin fitila. Na ga allurar tana tafiya dama, tana dawowa hagu, a hankali, kamar numfashin mai barci. Ba irin karkarwar da take yi in tirela ta bi ta titin Mokola ba. Wannan na san ta, gajeriya ce kuma mai gaggawa.

Amma bari in fara da abin da na ɓoye.

Ni na karya na'urar. Ranar sadakar uku baƙi sun yi yawa, har daga unguwar Ojoo, aka ce a shimfiɗa tabarmi a ɗakinka. Na ɗaga na'urar ban cire dutsen ba. Sau nawa ka gaya mini a fara cire dutsen? Sai na ji ƙas. Siririn fallen ƙarfen da sandar take rataye a jikinsa ya rabu biyu. Da Inna Rabi ta tambaye ni, na ce tsatsa ce ta cinye shi. Ƙarya na yi wa matarka tana cikin takaba.

Akwai kuma wani. Ka tuna 'yan majalisar bakin masallaci da ke kiranta injin aljanun Isiyaku? Tun ranar da ka ce ka ji ƙasa ta motsa kana shago, har agogunan bango suka tsaya, su kuwa suka ce tirela ce. In suna dariya ina wurin, ni ma ina darawa. Kai ka ɗauko ni bayan rasuwar ƙanwarka, ka koya mini riƙe sukundireba, amma ban taɓa buɗe baki na kare ka ba. Ka sani? Ina jin ka sani.

Yaya Sani, ɗanka na fari, ya ce zai dawo gida da iyalinsa, ɗakin yake so. Ya ce in sadakar arba'in ta zo abin bai tashi ba, 'yan gwangwan zai kira su auna shi a kilo. Kada ka yi fushi da shi. Ya gaya mini tun yana firamare ake ce masa ɗan mai injin aljanu, da Hausa da Yarabanci, ya gaji.

Sai na shiga neman ƙarfe. Na gwada kowanne yadda ka koya mini: a lanƙwasa a saki a ga ko zai koma kan layinsa, a bar shi bakin taga kwana uku cikin damshin damina, a kuma duba halinsa in rana ta dafa kwanon rufi.

Reza na fara sawa. Siririya ce yadda ake so, amma ba ta da haƙuri, ta karye kafin in gama ɗaure ta. Wadda ta tsira, kwana biyu ta yi ja da tsatsa. Zarton yankan ƙarfe ya yi tauri, sandar ta tsaya ƙiƙam, ko tsalle na yi a gefenta ba ta sani ba. Tef ɗin awon magina yana da lanƙwasa a jikinsa, sai ya yi shiru ya yi shiru, can ya zabura. Na ciro jan ƙarfe daga tsohuwar rediyo, na yi murna don ba ya tsatsa, ashe in ya lanƙwashe a nan yake zama. Wani makanike Bayarabe ya ba ni siraran ƙarafan da suke auna bakin fulogi da su, ya ce kyauta, don ka taɓa gyara agogon babansa. Su ne suka fi kusa. Amma da azahar sai layin ya riƙa gangarewa gefe har ya fita daga takarda.

Kwana ashirin da shida na yi a haka. Wata rana na zauna da guntayen naka a tafin hannu, ina kallon launinsu mai shuɗi-shuɗi. Na san na taɓa ganin irinsa. A ina? A wuyan lilon agogon bango, inda ake rataye shi.

Sai na tuna agogon Inna na aure, wanda ke rataye a falo a mace tun kafin in zo gidan nan. Kullum tana yi maka gori, wai ka gyara na duk unguwar Sabo ka bar na gidanka. Kai kuma sai ka ce kayansa ne babu a kasuwa. Na sauko da shi na buɗe bayansa. Kawu! Lilon yana kwance a ƙasan akwatin. Fallen kuwa an raba shi biyu da almakashi, an ɗauke rabi, ɗaya rabin an naɗe shi cikin takarda mai maiƙo an manna a jikin katako. Wa ka ajiye wa? Ka san wata rana wani zai manta da dutsen?

Ban iya ɗauka a ɓoye ba. Na je na durƙusa gaban Inna na faɗa mata duka biyun, ƙaryata da taka. Ta yi dariya har da hawaye, dariyarta ta farko tun tafiyarka. Ta ce tun ranar da ka cire ta sani, don ta ji tsayawar agogon tana kicin. Gorin da take yi maka, jira take ka faɗa da bakinka, ka kuwa ƙi. Ta ce in ɗauka, ai ba a bar mata agogo a mace shekara da shekaru don a kai wa 'yan gwangwan ba.

Na ɗaura shi ranar Juma'a. Na cire dutsen tukuna. Layin ya miƙe sambal, da safe da rana, bai karkace ba.

Ranar Talatar, saura kwana biyu arba'in, da na ga allurar tana lilo ban taɓa komai ba. Na fita a kan yatsun ƙafa na kira mutane, na roƙe su su tsaya daga bakin ƙofa. Ta fi minti goma tana yi. Yaya Sani, da ya riga ya iso don sadakar, wayarsa ya ciro yana dubawa. Zuwa hantsi ya zo ya nuna mini labarin wata babbar girgizar ƙasa da aka yi a can wata ƙasa bayan teku, jim kaɗan kafin lokacin da allurarmu ta fara. Ni ban yi karatun da zan rantse ita ce ba. Abin da na gani kawai nake faɗa maka.

Yaya ya naɗe takardar da kansa, a hankali don kada baƙin ya goge. Ya ce ɗakin baya ma zai ishe su. Jiya na gan shi yana hana 'yarsa gudu a ƙofar ɗakinka.

Ka yafe mini dariyar nan, Kawu. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sa ƙasar da ka daɗe kana saurare ta yi maka sauƙi.

Kada ka ce ni kaɗai na gani. Inna ta gani. Yaya Sani ya gani. Iya Basira mai ƙosai ta gani, da matsaminta a hannu. Malam Ladan ma ya gani, shi da ya raɗa mata injin aljanu, ya daɗe tsaye a bakin ƙofa, sannan ya ɗaga hannu ya yi maka Fatiha.

Ɗan ƙanwarka, yaron shagonka,
Habu