Launin da Ke Ƙarƙashin Ƙusa

Daren Juma'a, ƙarshen damina

Yau ma mun taru a zauren Sani kan tsohon teburin wasan ƙwallon ƙarfen nan da ya tsinto wurin 'yan gwangwan. Wata uku ke nan muna son mayar masa da zanensa da ya koɗe. Uwar yarana ta ce gero ya gagari mutane, mu muna gardamar fenti. Ba ta yi ƙarya ba, amma teburin nan kaɗai ke ɗauke mini hankali bana.

Launin ranar da aka zana a tsakiyar teburin ne ya hana mu sakat. Duk mun ce ruwan ɗorawa ne, har garin ɗorawa muka ƙulla muka kai wa mai buga hoto a birni ya gwada. Baba Ado kaɗai ya kafe cewa ruwan goro ne, wai ya yi wasa da irin teburin yana saurayi. Na san yanar ido ta rufe masa gani, amma na ce, "Baba, da wane idon ka gani?" Aka yi dariya. Shi bai yi ba.

Ɗazu, bayan sauran sun watse, na cire wata ƙusa mai faɗin kai daga jikin zanen ranar, sai ga fentin da bai taɓa koɗewa ba a ƙarƙashinta. Ruwan goro ne sak.

Na ɗora yatsan Baba Ado a wurin. Ya shafa, ya ce, "Ba na gani, Habu. Faɗa mini."

Na faɗa masa, amma ƙasa-ƙasa. Gobe sai na maimaita a gaban kowa, da muryar da na yi masa ba'a.