Ban Yafe Miki Ba, Mansuratu

Yendi, damina, 1996

Zuwa ga Mansuratu, sanyin idona, ruwan farko a kan busasshiyar gona, inuwar kaɗanya da tsakar rana, wadda Allah ya bai wa harshen da ya fi nawa kaifi.

Yayanki Iliasu ne zai karanta miki wannan a kunne, can asibitin London, na kuma roƙe shi kada ya tsallake ko kalma ɗaya. Ya gaya mini ta waya cewa dashen hantar ya kama, rawayar idonki ta fara washewa. Alhamdu lillahi! Amma har yanzu na'ura ce ke miki numfashi, bututu a maƙogwaro, maganin barci yana bin jijiya. Wai kowace safiya sukan rage maganin, su sassauta na'urar, su jira ki ja iska da kanki. Ki ja kaɗan, ƙirji ya gaji, zuciya ta kama gudu, sai su mayar da ke barci. Ke, Mansuratu? Ke da kike tsayawa a bakin kasuwar Bawku ki ƙwala kira, masu albasa na can ƙarshe su waiwayo?

Kin san ban yi nisa a makaranta ba. Na sayi wani tsohon littafin nas-nas a bakin titi a Tamale, na yi ta kokawa da shi da ƙamus har na fahimci abu biyu: idan an rage maganin, mara lafiya yana jin magana; tsoro kuma yana cinye numfashi. Shi ya sa jinina ya tafasa a gidanku.

Likitoci sun ce a aiko muryoyin dangi. Aka taru gaban rakoda, aka sa kaset. Me kike tsammani suka faɗa? Inna Lariba ta fara, cikin kuka, wai ki yafe mata, ita ma ta yafe miki duniya da lahira. Kowa ya bi sahu. Kawunki Awudu har da laƙƙana miki kalmar shahada. Na san ba mugunta ba ce, haka muka taso muna yi wa mai tafiyar da ba dawowa. Amma wa ya ce musu tafiya kike? Yarinya na kokawar buɗe ido, abin da za ta fara ji shi ne sallamar danginta? Na miƙe na faɗa musu haka, da muryar da ba a yi wa manya. Kawu ya nuna mini ƙofa, ya ce kada ƙafata ta sake taka zaurensa. Kaset ɗin ya tafi. Wannan takarda tana bin sa a guje, ina roƙon Allah ta riga shi isa kunnenki.

Kin tuna ranar da muka taso daga Salaga a bayan lorin doya, ƙasa ta faɗa mini a ido? Kika riƙe fatar idona da yatsu biyu, kika hura, kina zagina wai ƙato da ni ina hawaye. Iskar bakinki ƙamshin kanumfari take. Ya farin watana, ya kogina mai sanyi, wannan iskar ce nake nema! Ina ta shiga? Wace na'ura ce ta san darajarta?

Gobe idan sun rage maganin, za ki ji bututun ya tokare ki. Kada ki cije shi, kada ki fizge, kada ki yi faɗa da su. Faɗan ki ajiye mini. Ki ja a hankali. Ki saki. Ki sake ja. In kin gaji ba abin kunya ba ne, jibi ma rana ce.

Ni kuwa ban nemi gafararki ba, ban kuma yafe miki ba. Ban yafe dariyar da kike yi wa karatuna ba, ban yafe tafiyarki ba tare da kin bari na raka ki tasha ba. Maganarmu ba ta ƙare ba. In kina son a kashe ta, ki tashi ki zo ki faɗa mini da bakinki, da numfashinki.

Naki shi kaɗai, a barcinki da farkawarki, har ranar da nawa numfashin zai tsaya,

Sidiku