Kada Ka Ba Shi Jirgi, Kawu

Ikko, ran Jumma'a.

Zuwa ga Kawu Tamba, Argungu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ina iyali? A gaishe da Inna Zuhura, Allah ya ƙara mata sauƙin ƙafa. Ni lafiya lau, tuƙin motar gidan rediyon nan nake yi, bakina a rufe.

Kawu, ran Talata da safe ɗanka Yaya Abdussamadu yana cikin shirinsa na Hausa sai ya dakatar da tallar sabulu, ya yi ta'aziyyar wani ɗan dakon albasa mutumin Augie. Mai gidan rediyon ya faɗo ɗakin, ya fizge abin sauraro daga kunnensa, ya ce, "Fita! Irinka goma na bakin ƙofa." Ba a kashe na'ura ba, duk 'yan kasuwarmu sun ji. Takalman da Yaya ya tuɓe a ƙofa don ladabi, da ƙafa mutumin ya watso su ƙasan bene. Yaya yana ɗakina, yana cin abinci kaɗan-kaɗan.

To, mutumin nan zai zo bikin kamun kifi ɗaukar shiri. Ya ce in nema masa jirgin ruwa da masauki wurinka. Na ce to, ranka ya daɗe.

Ni zan kawo shi har bakin gulbi. Don Allah ka gaya wa masu jirage duka, kada wanda ya ɗauke shi. A bar shi tsaye cikin rana, ya nemi goman nan nasa.

In kana shakka, Rabi'u maigadi ya gani, da Sakinatu mai karanta labarai.

Ɗanka,
Kalilu