Ɗan Auna-Ƙofa Yana Son Ajiye Aikin Ofis

Anti, don Allah ki agaza min da shawara, kaina ya kulle. Na kai shekara arba'in da 'yan kai, ina aiki a sashen kula da ma'aikata na wani kamfanin sufuri, ina da mata da 'ya'ya uku. Yanzu an ce za a ba ni shugabancin sashen, ana jiran amsata ƙarshen wata. Kowa sai taya ni murna yake, ni kuwa abin da ke raina shi ne in ajiye aikin gaba ɗaya in koma kafinta.

Bari in fara daga farko. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, kafinta ne. A unguwarmu Auna-Ƙofa ake kiransa, saboda duk wanda ya kawo masa aikin gado ko kabad, ba ya taɓa katako sai ya je gidan da 'yar igiyarsa ya auna ƙofar ɗakin, ya ƙulla ƙulli ɗaya na faɗi, ɗaya na tsayi. Mutane na tsokanarsa, wai gado aka ce ya yi, ba ƙyaure ba. Sai dai ya yi murmushi kawai. Har yau idan na rufe ido ina ganin rumfarsa, fensir a maƙale a kunnensa, garin katako ya yi masa furfura tun kafin ta gaske ta fito. Amma ko zarto bai taɓa bari na riƙe ba. Burinsa in yi karatu in zauna ƙarƙashin fanka, hannuna ya yi laushi. To, ya yi laushin.

Bara na ɗauko akwatin kayan aikinsa daga ɗakin Inna, mahaifiyata, don in gyara ƙafar gadon autar 'ya'yana. Ina buɗewa ƙamshin katakon nan ya buge ni, wallahi sai da na zauna na yi hawaye kamar yaro. Daga gyaran ƙafa sai na yi wa yarinyar sabon gado. Daga nan na yi namu, da teburin madubi, da durowar gefen gado. Kowace Asabar ina baranda ina yanka ina gogewa, ban san lokacin da rana take faɗuwa ba. A ofis kuwa agogo nake kallo tun safe.

Ƙanwar matata ta ga aikin ta yaba, ta ce in yi mata kabad na tufafi. Na zage na yi shi, kowa ya gani sai ya shafa. Da muka kai gidanta ya ƙi shiga ɗaki. Mun karkata shi, mun kwantar, mun cire ƙyaure, a banza. Yana nan a falonta har yau, duk baƙon da ya zo sai an ba shi labari. Igiyar Baba kuwa tana cikin akwatin da ƙulle-ƙullenta, ni ban ko tuna da ita ba.

Matata ba ta hana ni ba, amma tun da na yi maganar barin aiki ta rage dariya. Inna kuwa cewa ta yi ubana ya ƙare ƙarfinsa don kada in shaƙi garin katako, ga shi zan koma da ƙafata. Idan na karɓi muƙamin nan, Asabar ɗin ma ta tafi. Idan na ajiye aikin, ina tsoron in jefa iyalina a wahala. Ni dai kewar rumfar nan nake yi, Anti. Yaya zan yi?

Ɗan Auna-Ƙofa

*

Ɗan Auna-Ƙofa, Allah ya jiƙan Baba. Na yi dariyar kabad ɗin nan sosai, ka yafe ni, amma a cikinsa amsarka take. Ka yi aiki mai kyau ba ka auna inda zai shiga ba, kuma abin da kake shirin yi da rayuwarka ke nan.

Sha'awarka gaskiya ce, ban raina ta ba. Mutumin da ya sami abin da ke mantar da shi agogo ya yi dace. Sai dai ka tambayi kanka ko sana'ar kake so, ko mahaifinka kake nema a cikinta. Aikin Asabar don jin daɗi daban yake da na mai kaya da ya tsaya a kanka yana faɗa, fenti bai bushe ba, katako ya yi tsada. Kai ƙamshin rumfar ka riƙe, Inna wahalar mijinta ta riƙe, kuma duk ku biyun gaskiya kuka tuna.

Ba dole ne ka zaɓi ɗaya cikin biyun nan a wannan watan ba. Ka je wurin shugabanka ka gode masa, ka ce a bar ka a kujerarka ta yanzu, ka tsira da albashinka da Asabar ɗinka. Ka nemi tsohon kafinta ka riƙa zama a wurinsa, domin Baba bai koya maka ba, kallo kawai ka yi. Ka karɓi aikin mutanen da ba danginka ba, waɗanda ba za su ji kunyar kushe ka ba. Ka zauna da matarka ku yanke lokacin da za ku sake duba maganar, ka bar ta ta faɗi tsoronta har ƙarshe ba ka katse ta ba. Idan lokacin ya yi aikin yana ciyar da gida, ka ajiye na ofis da kwanciyar hankali. Kabad ɗin ƙanwar matarka kuma, ka je ka kwance shi ka haɗa a cikin ɗakin, a daina yi da kai.

Inna kuwa kada ka yi mata gardama. Ka yi mata gado. Kafin ka taɓa katako, ka ɗauki igiyar nan ka je ka durƙusa a ƙofar ɗakinta tana kallo, ka auna faɗi, ka auna tsayi, ka yi naka ƙullin kusa da na Baba. Allah ya yi maka jagora, ya sa wa hannunka albarka.